Domen mai kalmar bincike ko in sa sunana kawai? A taimaka min kafin in biya

Ɗan_Sikirin:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah masu sanin harkar SEO, wato dabarun sa shafi ya hau sama a binciken Google, ku taimaka min da shawara, yau kwana uku kenan ina juya abu ɗaya a kaina na kasa tsayar da magana.

Ni gyaran waya nake yi, kuma na daɗe ina ɗan rubuce-rubuce a Facebook, irin yadda za ka gane batir ne ya mutu ko wajen caji ne ya samu matsala, abin da za ka fara yi in waya ta faɗa ruwa, dalilin da yasa sikirin yake taɓa kansa, da dai sauransu. Yanzu rubutun sun kai 40 da wani abu, mutane suna ta cewa in tara su wuri ɗaya, don a Facebook abu nutsewa yake, bayan sati biyu ko ni da na rubuta sai na sha wuya kafin in lalubo shi. Shi ne na ce bari in buɗe shafi nawa na kaina.

To inda na maƙale shi ne sunan domen, wato adireshin da mutum zai rubuta ya shiga shafin, irin mai ƙarewa da .com. Na kalli wani bidiyo mutumin yana cewa wai sirrin hawa shafin farko a Google shi ne ka sayi domen da ya yi daidai da abin da mutane ke rubutawa in suna bincike, wai in ka yi haka ko rubutu biyar gare ka za ka wuce waɗanda suka shekara suna yi. Na je na duba, gajeren da nake so a .com an riga ni. Abin da ya rage min yanzu uku ne: ko in ɗauki dogo irin yadda-ake-gyaran-waya-da-kanka a .com, ko in ɗauki gajeren amma da wani ƙarshe irin .xyz ko .info, ko kuma in haƙura da kalmar binciken gaba ɗaya in sa laƙabin da aka san ni da shi.

Zuciyata ta fi karkata ga dogon wlh, saboda duk kalmomin da mutum zai nema suna ciki, amma in na kalle shi sai in ga kamar ya yi yawa, na rubuta shi a takarda ya kusa cinye layi guda. Shin da gaske Google yana ɗaga shafi saboda sunansa? Kuma dash ɗin nan da ke tsakani yana da illa? Na gode.

Tsohon_Hannu:

Wa alaikumus salam ƙanina. Tsaya tukuna kar ka biya, ka duba shekarar da aka ɗora bidiyon nan, in kuma sabo ne to mai shi tsohon karatu yake maimaita maka.

Abin da ya faɗa ya taɓa zama gaskiya, ba zan ƙaryata shi ba. Akwai lokacin da mutum zai sayi domen mai kalmomi huɗu biyar a jere, ya zuba shafuka kaɗan da ya kwaso daga wani wuri, ya cika ko'ina da talla, kuma ka gan shi a sama ya danne masu aikin ƙwarai. Har ta kai wasu ba su da sana'a sai wannan, mutum ɗaya ya riƙe domen ɗari ko fiye kowanne da kalmarsa. Sai Google ya fara bin su ɗaya bayan ɗaya. A watan Fabrairu 2011 ya saki wani gyaran tsarin bincikensa mai suna Panda, wanda ya bi shafukan da rubutunsu ba shi da nama. A Afrilu 2012 ya saki Penguin, shi kuma linkin bogi da na saye ya bi. Sannan a ƙarshen Satumba 2012, Matt Cutts, wanda a lokacin shi ke shugabantar sashen yaƙi da shafukan shara a Google, ya sanar a Twitter cewa an yi gyara musamman don rage ƙarfin domen masu daidai da kalmar bincike waɗanda abin cikinsu ba shi da inganci, ya ce zai taɓa kusan kashi 0.6 cikin 100 na binciken Turanci a Amurka. Shi ne ake ce wa gyaran EMD, wato Exact Match Domain, domen mai daidai da kalmar bincike. Ka lissafa da kanka shekara nawa kenan.

Ka lura da abu ɗaya, ba wai hukunci aka ɗora wa duk mai kalma a domen ba, a'a. Ladan banza da ake ba su aka janye. Wanda shafinsa ke da abin kirki ya zauna inda yake, wanda sunan ne kaɗai ke riƙe da shi ya faɗo. Har yau in ka karanta bayanin da Google ya wallafa kan tsarukan da yake jera sakamako da su, za ka ga ya ce yana duba kalmomin da ke cikin domen a matsayin abu ɗaya cikin abubuwa masu yawa, amma yana da tsari na musamman da ke hana a ba irin waɗannan sunaye nauyin da ya wuce kima. A jagorarsu ta masu fara SEO ma sun faɗa a fili cewa kalmar da ke cikin domen ita kaɗai kusan ba ta da wani tasiri a matsayi, ka zaɓi abin da ya fi wa harkarka amfani. Ba na cewa duk abin da Google ya faɗa a haɗiye shi, kamfani ne mai kare kansa, amma a wannan kam abin da idona ya gani bai saɓa ba.

Yanzu mu dawo kan naka. Wannan dogon, ni ko kyauta aka ba ni ba zan ɗora aikina a kai ba, kuma ba don Google ba, don mutane. Ka ɗauka wani ya kawo maka waya ka gyara, zai tafi ka ce masa ai ina da shafi ka duba, ya ce menene sunan, sai ka fara: yadda, dash, ake, dash, gyaran, dash... kafin ka kai ƙarshe ya sa wayarsa a aljihu ya ce to zan duba in sha Allah, kuma ni da kai mun san ba zai duba ba. Karan ɗori, wato dash ɗin, biyar fa. In ya manta ɗaya ya faɗa wani wuri daban ko ya ga babu shafin. A ƙa'ida ana yarda suna ya kai harafi 63, amma ba a ce ka cike ba. Shi karan ɗorin a wajen Google ba laifi ba ne, yana ɗaukarsa a matsayin mai raba kalmomi, a adireshin kowane rubutu ma shi suke so ka yi amfani da shi. Illarsa a idon mutum take, duk wanda ya daɗe a intanet in ya ga domen mai dash uku huɗu zuciyarsa tana ba shi shafin damfara ne ko na talla zalla, saboda su suka ɓata wannan salon.

Abu na biyu da bidiyon bai gaya maka ba, sunan zai ɗaure ka. Yau waya kake gyarawa, nan da shekara biyu ƙila ka shiga laftof, ko ka fara sayar da kayan gyara, ko ka buɗe aji kana koyarwa. A ƙarƙashin suna mai cewa yadda ake gyaran waya da kanka za ka tallata cewa a kawo maka gyara? Ai sunan da kansa yana korar kwastoma. Amazon da littattafai ya fara a 1995, da a ce mai shi ya sa masa suna mai ma'anar littattafai masu araha, da ya zo sayar da firji da takalmi sai ya sake lale.

Kalmomin da kake kwaɗayi akwai wurinsu: taken kowane rubutu, kanun da ke ciki, adireshin rubutun bayan domen, da shi kansa bayanin. Rubutunka na waya ta faɗa ruwa, in takensa da adireshinsa sun faɗi haka kuma bayanin ya warware wa mutum matsalarsa, shi zai hau, ko da sunan domen ɗin bai da alaƙa da ruwa ko waya. Google rubutu-rubutu yake jerawa. Rubutu 40 ɗin nan da kake ambata a wuce su ne jarinka.

Ni laƙabin nan naka ma ya burge ni, gajere ne, yana da ɗan ban dariya, kuma duk wanda ya ji ya san waya ake nufi.

SarkinLinki:

Malam Tsohon_Hannu Allah ya ƙara girma, amma gsky a nan ban bi ka duka ba. Kullum aka zo maganar nan sai a kawo 2012 a rufe bakin mutane, alhali mu da muke gwadawa muna ganin abu yana aiki har gobe. Ina da ƙananan shafuka guda uku kowanne kan abu ɗaya tak, biyu sunan su kalmar binciken ce, ɗayan suna ne kawai na ƙirƙira, kuma hannu ɗaya ya rubuta su duka, amma biyun nan sun riga ɗayan motsawa nesa ba kusa ba. Na san za a ce shafi uku ba hujja ba ne, na yarda, amma jiki magayi.

Kuma ba sihiri ba ne, akwai dalili. Ko Google bai ba sunan maki ko ɗaya ba, sunan yana jawo wasu abubuwan da ake ba maki. Misali duk wanda zai saka linkin shafinka a nasa, da me zai kira ka? Da sunanka. In sunanka shi ne kalmar binciken to kowane linki da ka samu yana ɗauke da kalmar ba tare da ka roƙi kowa ba, kuma tun farkon Google rubutun da ke jikin linki yana cikin abin da yake gane shafi da shi. Na biyu, mutum ya yi bincike sakamako goma sun fito bai san ko ɗaya ba, idonsa zai fi tsayawa kan wanda sunansa ya faɗi abin da yake nema, musamman yanzu da sunan shafi da ɗan tambarinsa ke fitowa a saman kowane sakamako. Sabon shafi da ba wanda ya san shi, wannan ɗan taimakon ba abin rainawa ba ne.

Sannan misalin Amazon ɗin nan da ake yawan kawowa, to Booking.com fa? Hotels.com fa? Cars.com? Ai duk kalmar bincike ce tsirara aka maƙala mata .com, kuma ba wanda zai ce ba su ci ba. Kowa misalin da ya yi masa daɗi yake ɗaukowa.

Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne dogon nan mai dash biyar, wannan kam a'a ɗan'uwa, kar ka soma. Amma tsakanin wancan da laƙabi zalla akwai hanya a tsakiya, ka haɗa laƙabinka da kalma ɗaya ta sana'ar, ko kalma biyu gajeru ba dash. Ka samu na Google ka samu na mutane.

Tsohon_Hannu:

SarkinLinki ai ba mu yi nisa da juna ba, hanyar tsakiyar da ka faɗa ni ma ita nake ba mutane in laƙabinsu bai nuna komai ba. Maganar rubutun jikin linki ma gaskiya ce. Sai dai wuƙar tana yanka ta baya, in duk linkin da ke zuwa maka kalma ɗaya suke ɗauke da ita, sannan ka ƙara da na saye a kai kamar yadda yawancin masu irin wannan shafukan ke yi, to kamannin abin da Penguin ke farauta kenan sak. Ba kai nake nufi ba fa, sunanka ne dai ya sa na ɗan yi murmushi.

Amma su Booking.com kar su ruɗe mu. Waɗannan kalma ɗaya ce tak, gajeriya, a .com, kuma kamfanonin sun zuba dukiya a talla shekara da shekaru har kalmar ta zama sunansu a kan mutane. Irin waɗannan domen ba na mai farawa ba ne, Voice.com dala miliyan 30 aka saye shi a 2019. Kuma ka san wahalar da Booking.com ya sha kafin ya mallaki sunansa? Ofishin rajistar alamun kasuwanci na Amurka ƙin yi masa rajista ya yi, ya ce kalmar gama-gari ce kowa na da haƙƙi a kanta, sai da shari'a ta kai kotun ƙolin Amurka, a 2020 ta yanke cewa irin wannan suna zai iya zama alamar kasuwanci in har masu saye suna ɗaukarsa sunan kamfani ne. Kamfani mai lauyoyi kenan. Kai da ni in wani ya buɗe irin sunanmu ya ƙara harafi ɗaya, wa za mu kai wa ƙara?

Ga kuma abin da ya fi damuna da shi. In sunanka laƙabi ne, duk wanda ya rubuta shi a Google kai yake nema, kuma kai zai samu a sama ko shafinka bai fi wata uku ba, don ba mai takara da kai a kan sunanka. In kuwa sunanka shi ne gyaran waya, wanda ya karanta ka jiya ya ji daɗi ya dawo yau ya rubuta sunanka, Google ba shi da hanyar sanin kai yake nufi, sai ya jero masa bidiyoyin YouTube da manyan shafuka kai kana can ƙasa. Ka yi wahalar samo mai karatu ka miƙa wa wani. Shafukanka uku na abu ɗaya tak ne, mutum ya shigo ya ɗauki amsa ya fita ba a sa ran ya dawo, a nan dabararka tana iya biya. Shi yaron nan mutane sun riga sun san shi, suna bin sa, so yake su dawo.

Uwar_Biyu:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba masaniya ba ce, amma duk ramukan nan biyu na faɗa, bari in ba ka labari ƙanina ko ka tsira.

Ni ɗinki nake koyarwa. Da na fara, jaka kawai nake yi, sai na sa wa shafin suna mai cewa koyon ɗinkin jaka, har da dash biyu, ina ta murna. Shekara biyu ana tafiya lafiya, sai na fara saka darasin riguna da labule da yadda ake gyara keken ɗinki in yana tsallake zare, kuma abin mamaki na keken ne ya fi kawo mutane. Sai sunan ya zame min kamar rigar yaro a jikin babba. Mata suna turo min saƙo suna tambaya wai ko na san inda ake koyar da riga, alhali darasin riga yana nan a shafin da suke kai, sunan ne ya sa ba su ko duba ba.

Na ce bari in canza. A nan na yi kuskure na biyu wanda ya fi na farko ciwo. Na ga wani domen gajere mai kyau da kalmar ɗinki a ciki ba kowa a kai, na ce kai wannan rabona ne, ban tambayi kowa ba na biya a daren. Na kwashe komai na mayar can. Sati ya wuce, wata ya wuce, shiru, ko cikakken taken rubutuna na rubuta a Google ba na ganin kaina. Sai wani ɗan'uwana da ya ɗan san harkar ya ce in buɗe Search Console, wurin da Google ke nuna wa mai shafi halin da shafinsa ke ciki, in duba sashen hukuncin da ma'aikatan Google ke sawa da hannu, ina buɗewa kuwa na gan shi a rubuce. Ya ce mu je Wayback Machine a archive.org, inda ake adana tsofaffin kwafin shafuka, mu ga tarihin domen ɗin. Wlh da hoton tsohon shafin ya buɗe sai da na rufe fuska, caca ce da tallan magunguna cikin wani harshe da ban ma san shi ba, layi-layi na linki shuɗaye har ƙasa. Ashe kyan ɗan maciji na saya. Wani ya taɓa riƙe shi ya yi ɓarnarsa ya yar, ni kuma na tsinta. Sai da na rubuta musu neman a sake dubawa, na yi bayanin cewa ni sabuwar mai shi ce, na jira, kafin aka ɗage.

Don haka duk sunan da ka tsayar, kafin ka biya ka saka shi a Wayback Machine, minti biyu ne. Domen mai kalmar bincike mai kyau da ka tarar a zaune ba mai shi, ka tambayi kanka me ya sa. Kuma masu ba da shawarar a sayi tsohon domen don a ci gajiyar linkinsa, tun Maris 2024 Google ya sa wannan cikin dokokinsa na shara, wato sayen domen da ya mutu a ɗora masa abin da ba shi da amfani don a hau da tsohon sunansa.

Shi kansa ƙauran ma ba wasa ba ne ko da sabon domen ɗin tsaf yake. Kowane tsohon adireshi sai ka juya shi zuwa sabon takwaransa da abin da ake kira 301, ɗaya bayan ɗaya, ba wai ka tura duka zuwa shafin farko ba kamar yadda na fara yi. Sannan ka sanar da canjin adireshi a Search Console, kuma ka ci gaba da biyan tsohon domen ɗin, don Google ya ce a bar juyawar aƙalla shekara ɗaya. Ni har yau ina biya saboda tsofaffin linki da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp.

Ƙari ɗaya tunda waya kake yi, kar sha'awar kalma ta ja ka ka saka sunan kamfani irin Samsung ko iPhone a domen. Akwai tsarin ICANN, hukumar da ke kula da sunayen domen, da ake kira UDRP tun 1999, mai alamar kasuwanci zai iya kai ƙara a karɓe domen ɗin ba tare da an je kotu ba. A cikin rubutu ka ambace su yadda kake so, a suna dai ka bar musu kayansu.

Ɗan_Sikirin:

Kai Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, Anti Uwar_Biyu labarinki ya sa jikina ya yi sanyi, wlh ban taɓa sanin domen yana da tarihi ba, na ɗauka in ba kowa a kai to sabo ne fil. Dogon dai na cire shi daga lissafi.

Saura tambaya biyu Malam. Laƙabina da Ɗ mai ƙugiya yake farawa, ana iya saka shi haka a domen ko dole D zan sa? Sannan in ban samu .com ba, shin .xyz ko .io ko irin sababbin nan kamar .repair suna rage wa mutum matsayi? Na ga .repair ɗin sai na ce ko shi ma kalmar bincike ce ta wata hanyar.

Tsohon_Hannu:

D za ka sa. Asalin tsarin domen harafin a zuwa z ya sani, da lambobi, da karan ɗori wanda shi ma ba ya zuwa a farko ko ƙarshe. Sauran haruffa ana shigar da su ta wata dabara da ke mayar da su wani rubutu mai farawa da xn--, misali sunan birnin München na Jamus a ƙarƙashi xn--mnchen-3ya yake komawa. Kowane ƙarshen domen yana da jerin haruffan da ya yarda da su, wasu manhajoji kuma wancan mummunan rubutun suke nuna wa mutum maimakon sunanka, ga wahalar imel, ga shi ba kowa ke da ƙugiya a allon wayarsa ba. A tambarin shafi da takensa ka rubuta Ɗ ɗinka daidai. Abin da za ka kula kawai, in ƙugiya ta faɗi kar ma'ana ta juye, ka san ƙasa in ta rasa ƙugiya kasa take zama, baƙi ya koma baki. Ka haɗe kalmomin ka karanta da idon wanda bai san me kake nufi ba. Naka ban ga matsala ba.

Maganar ƙarshe kuwa, tun 2015 Google ya bayyana cewa sababbin nan daidai yake ɗaukarsu da .com da .org, kuma kalmar da ke cikin ƙarshen ba ta ƙara komai ba ta rage komai, don haka .repair ba zai ɗaga ka ba. Wanda ke da ɗan tasiri shi ne na ƙasashe, irin .de na Jamus ko .fr na Faransa, yana nuna mutanen ƙasar kake nufi. Wasu kuma asalinsu na ƙasa ne amma Google yana ɗaukarsu na kowa saboda yadda ake amfani da su, kamar .co na Kolombiya, .tv na Tuvalu, .me na Montenegro, da .io ɗin da ka ambata.

Matsalar dai ta mutane ce kuma, hannu ya saba da .com. Kamfanin Overstock na Amurka a 2011 ya yi ƙoƙarin komawa O.co, ya kashe kuɗin talla, kwastomomi suka yi ta rubuta O.com, dole ya ja da baya. In gajeren da kake so wani na riƙe da .com ɗinsa kai ka ɗauki .xyz, wani kaso na mutanenka shi za ka riƙa aika wa. Kuma irin ƙarshen da ake sayarwa da arha sosai a shekarar farko, ka duba kuɗin sabuntawa kafin ka danna, sau da yawa a shekara ta biyu suke fanshewa.

In ka zo biya, ka yi rajista da imel ɗinka da sunanka, kar ka bar wanda zai gina maka shafin ya yi da nasa. Ka kunna sabuntawa ta kai tsaye. In .com ya ƙare ba ka biya ba akwai ɗan lokacin sassauci, daga nan kwana 30 na fansa da ƙarin kuɗi mai zafi, sai kwana 5 a sake shi kasuwa, kuma akwai masu zaman jiran wannan ranar.

Kafin nan ka yi gwaji ɗaya, ka kira mutum uku a waya ka faɗa musu sunan sau ɗaya, ka ce su turo maka shi a rubuce.

Ɗan_Sikirin:

Malam na yi gwajin yanzun nan, abin dariya abin haushi. Ƙanwata ta rubuta dansikirin daidai, abokina ya rubuta dansikrin ba i a tsakiya, shi kuma yaron da nake koya wa aiki ya rubuta rabin farko da Hausa rabin ƙarshe da rubutun Turanci. Mutum uku rubutu uku. Na duba duka ukun ba kowa a kai, Wayback Machine ma bai nuna komai ba. In sayi biyu in juya ɗaya zuwa ɗaya da 301 ɗin da Anti ta faɗa, ko in sake neman wani sunan?

SarkinLinki:

Sayi biyu, na ƙanwarka shi ne babba, na yaron shagonka ka juya shi can. Na abokinka kuma ka ce ya koma makaranta.